Sunan Habu a Jikin Kwalba

Duk shekara in damina ta faɗi sai an turo mini sababbin ɗalibai, kuma ba a taɓa rasa wanda zai ce shi aikin maƙesu ya zaɓa don ya fi sauƙi. Wai ƙwaron da ke kunna fitilarsa da kansa, ina wahalar nemansa? Bana wata ce ta faɗa, tana danna waya tana dariya. Ban yi fushi ba, ko in ce na yi kaɗan. Na ce su ajiye wayoyin su zauna. Na kusa ajiye aiki, kuma gara su ji labarina daga bakina, don wanda ke yawo a gari ya daɗe da canza kama.

A takarda ni masanin dabbobi ne, amma shekarun aikina duka a kan abu guda suka ƙare, wato halittun da ke ba da haske daga jikinsu. Masu teku suna da kifaye da wasu halittun ruwa da ke yin haka. Mu a Damagaram ba mu da teku, sai maƙesu, ɗan ƙwaron nan da ke ƙyalli a fadama bayan magariba. Hasken a ƙarshen cikinsa yake, inda wasu sinadarai ke haɗuwa da iskar da yake shaƙa, kuma haske ne mara zafi, ko ka riƙe shi a tafin hannu ba za ka ji ɗumi ba. Namiji na tashi yana ƙyaftawa, mace na cikin ciyawa tana amsa masa, kowane iri da tsawon jiransa. Tsutsarsa ma tana haske, kuma dodon-koɗi take ci. Wannan ne ya sa aka yarda a ba mu aikin, don ana son a san ko tana cin ƙananan nan na bakin tabki masu yaɗa fitsarin jini.

Aikina na farko ban manta shi ba, don a kwandon shara ya ƙare. A hannun Mushe Abari na koya (mushe muke ce wa ma'aikacin boko a nan), wani tsoho ɗan Birni, asalinsu Barno, wanda ba shi da babbar takarda amma shi ke riƙe da labo, ɗakin bincikenmu, tun kafin a haifi malaman da ke ba shi umarni. Ya ba ni raga mai laushi, da kwalabe masu hujajjen murfi, da auduga, da kurono na auna tsakanin ƙyalli da ƙyalli, da tocila da aka ɗaure wa jan ƙyalle a baki, saboda farin haske na sa ƙwaron ya yi shiru. Na je wata fadama wajen Mirriya, sauro ya yi mini kaca-kaca, na dawo da kwalabe cike ina jiran yabo. Ya ɗaga ɗaya ya juya ta, ya tambaye ni ina takardarta. Na ce ai na san inda na kama kowace, zan rubuta yanzu. Ya kwashe su duka ya juye a gabana.

Da ya huce ya ce ƙwaron da ba a san inda aka kama shi ba shara ne. Takarda a wurin ake rubuta ta, kana tsaye cikin laka, kuma da kiriyon, wato fensir, don alkol ɗin da muke adana ƙwari a ciki yana wanke tawadar bik. A saka rana, a saka wuri. To a lokacin babu na'urar nan ta cikin wayoyinku da ke nuna inda mutum yake tsaye. Kwari guda sai ya ɗauki garake, wato lambuna, masu yawa, ba lamba ba taswira, kowace da sunan mai ita aka san ta. Sai Mushe Abari ya koya mini abin da shi ma aka koya masa, in tambayi garkar wa ce in rubuta. Takardar kuwa ba ta fi faɗin yatsa ba, ba ta ɗaukar dogon bayani, don haka garkar Habu sai ta zama Habu kawai. Shekaru ina haka, ban taɓa ganin aibinsa ba.

Masu zuwa wajenmu iri-iri ne. Akwai masu bincike na ƙasashen waje da ke roƙon mu aika musu ƙwari, su rubuta sunanmu can ƙasa-ƙasa su ce sun gode. Akwai malaman lakwal da ke son a nuna wa aji. An yi wani mai shago da ya zo da gaske yana son in haɗa masa tulu guda na maƙesu ya huta da sayen pil na tocila. Wani kuma ya ja ni gefe ya ce in sayar masa da busassu zai haɗa a kwalli, wai na farin jini. Na kore shi ina dariya. Da ina da wayo da tun ranar na gane cewa abin da nake gani ƙwaro, ba kowa ke ganinsa haka ba.

Fita kuwa ba yawon shan iska ba ce. Lokacin da maƙesu ke tashi shi ne lokacin da kububuwa ke fitowa, kai kuma idonka na sama kana ƙidaya. Rijiyoyin garka ba su da baki, ciyawar damina ta rufe su. Na taɓa zurma ƙafa ɗaya cikin wata har cinya, na riƙe gindin ayaba ina salati, tocila ta tafi ƙasa, na ji tsawon lokacin da ta ɗauka kafin ta taɓa ruwa. Shi ya sa ba a shiga kwari sai da ɗan gari.

Shekarar da nake son ku ji, a wani ƙauye na sauka gabas da Hamdara, ba zan faɗi sunansa ba. Bulama, wato mai garin, ya haɗa ni da Malam Gambo, magidanci mai garkar rake da dabino, shi kuma Gambo ya ba ni shagon ƙofar gidansa. Gambo mutum ne mai sanyin magana da saurin hannu. Kwana uku kawai ya fi ni iya tsinto tsutsa a gindin ciyawa, har yana mini tsiya wai karatu ya cinye mini ido. Shi ke gaba da sanda yana bugun ciyawa, ni ina baya. In mun shiga garka in ce ta wa ce, ya faɗa, in rubuta in liƙa. Mun yi wata biyu haka, kwano ɗaya muke ci.

Tsutsotsin da rai nake ajiye su, cikin kwalabe da jiƙaƙƙiyar auduga, a akwatin katako a ƙuryar shago inda rana ba ta kaiwa. In an girgiza akwatin sai su kunna gaba ɗaya, kore-kore. Wata safiya na ɗauki kwalabe uku na garkar Gambo, su ke nan nasa a akwatin, na sa a jaka, na tafi bakin tabki in nemo musu dodon-koɗi in ga wanne za su ci. Sauran na bar su a shago.

A ƙauyen akwai wani Habu, mai garkar da ke maƙwabtaka da ta Gambo. Kwana huɗu yana kwance da zazzaɓi, a ranar kuma ya fara sambatu. Ƙanensa Sale, wanda ya yi lakwal ya iya karatun boko, ya zo shagona neman ƙwayar magani, don a ƙauye duk mai takarda likita ne. Bai same ni ba, ya shiga ya jira. Ƙafarsa ta bugi akwatin, haske ya tashi a cikin duhun ɗaki. Ya buɗe, ya ɗauki kwalba ɗaya ya kai bakin ƙofa, ya karanta sunan wansa. Audugar wannan kwalbar ta fara bushewa, laifina ne, don haka haskenta ya fi na sauran rauni. Shi kuma Habu a cikin sambatunsa mai jar wuta yake ta kira, don ya sha gamuwa da mu a garka ina haska shi.

Bayan azahar na dawo da laka har gwiwa, na tarar da garin duka a ƙofar Bulama. Ba a yi ihu ba, kuma shirun ne ya fara tsinka mini zuciya. Mata sun janye 'ya'yansu da na wuce. An shimfiɗa Habu a tabarma ƙarƙashin rumfa, idonsa a juye, leɓensa a fashe. Akwatina na tsakiyar fili. Gambo na durƙushe gefe ba hula, matasa biyu tsaye a kansa, ɗaya da gora. Na ji tsoron da ban taɓa ji ba.

Bulama ya ce in zauna, ya gaya mini abin da ake zargi. Wai ni maye ne, ina kama kurwar mutane da dare ina zubawa a kwalba, kowa da sunansa. Na yi abin da duk ɗan boko zai yi, na buɗe kaye, littafin da nake rubuta aikina, na fara bayani. Na ce ƙwaro ne, na zazzage ɗaya a tafin hannuna na nuna. Sale ya ce ai kowa ya san kurwa in an kama ta ƙwaro take zama ko fara, da me zan nuna ta in ba haka ba? Na ce sunan garka ne ba na mutum ba. Aka ce to ina kalmar garka a takardar? Na ce su taɓa su ji, ba zafi. Wata tsohuwa ta ce wutar da ba ta ƙuna ai ba ta mutane ba ce. Duk abin da na faɗa sai ya ƙara ɗaure ni. Liman ya yi ƙoƙari, ya ce zato zunubi ne, a kai mara lafiya likita, amma muryarsa ba ta wuce sahun gaba ba.

Sai Bulama ya sa Sale ya karanta kwalaben ɗaya bayan ɗaya. Ya kira suna, mai sunan ya dafe ƙirji. Ya kira wani, matar mai sunan ta fashe da kuka. Har aka kai ta ƙarshe, kusan duk mai garka a kwarin ya ji nasa. Sale ya duba akwatin ya ga ba saura, ya ɗago ya ce:

"Allah ya ba ka nasara, kowa na ciki, ban da Gambo."

Daga nan ido ya bar kaina ya koma kansa. Suka ce baƙo bai san sunan kowa ba, Gambo ne ke gaba yana nunawa yana faɗa, kuma gaskiya ne haka aka yi. Ni baƙo ne, in na tsira da raina sai in hau moto in tafi. Shi fa? A wajensu maita gado ce, tana bin jini. In ta tabbata a kan Gambo, ba mai sake sayen rakensa, ba mai cin kwano ɗaya da shi, 'ya'yansa mata uku ba mai nemansu, garkar da kakansa ya dasa sai ya bar ta ya shiga duniya, in ma an bar shi ya fita da ƙafarsa. Mai gorar nan ya gyara riƙo. Gambo ya yi rantsuwa sau biyu, ba wanda ya yarda.

Kwalabe ukun nan masu sunansa suna cikin jakata, ina jin su a haƙarƙarina. Na fara kai hannu da murna, sai na tsaya, don na gane abin da fito da su ke nufi. In na ci gaba da cewa ƙwari ne kawai, sunansa a kwalba bai wanke shi ba, za su ce dabara ce muka haɗa. Ba za su wanke shi ba sai in kwalaben sun zama abin da mutanen suka ce, shi kuma ya zama wanda aka ci ba wanda ya ci ba. Wato sai na amsa da bakina cewa ni maye ne. Na tuna uwata a Birni, na tuna ba ni da aure tukuna, kuma labari irin wannan ba ya zama a ƙauye. Kuma in na amsa, Habu ya mutu, ba jandarman da zai iso kafin a gama da ni. Duk da haka na sa hannu cikin jaka na laluɓo kwalaben. Na fito da su na miƙa wa Sale, ya karanta sunan da ƙarfi. Na ce:

"Gambo bai san kome ba. Tasa na fara kamawa, shi ya sa yake bina duk inda na ce."

Fili ya ɗauki salati. Gambo ya ɗago ya dube ni. Tsutsotsin cikin kwalaben nan shi ya tsinto su da hannunsa shekaranjiya, yana mini dariya. Ya buɗe baki, na girgiza masa kai kaɗan, ya rufe. Matasan suka ja baya, wani ya ɗauko masa hularsa ya kakkaɓe ya ba shi.

Al'adarsu ita ce wanda ya kama ya saki, sannan ya tuɓe ya tsallake mara lafiya sau uku. Bulama ya yi mini sutura ya ce in bar wando. Na buɗe kwalaben duka na juye a ciyawa, aikin wata biyu ya bazu yana rarrafe. Na tuɓe riga a gaban maza da mata na tsallake Habu sau uku, zafin jikinsa na bugun ƙafata. Aka ce Gambo ma ya kwanta, tunda tasa ta fi daɗewa a hannuna. Ya kwanta a ƙasa ya rufe ido, na tsallake shi. Sauran masu suna aka ce sakin ya ishe su tunda suna tsaye da ƙafarsu.

Abu ɗaya na yi da nake ganin wayo ne. Tunda yanzu maganata ta zama abin tsoro, sai na yi amfani da ita. Na gaya wa Bulama cewa abin da na sakar wa Habu ba zai zauna a jikinsa ba sai an yi masa allura kafin rana ta faɗi. Abin da liman ya roƙa aka ƙi, ni da na faɗa nan take aka ɗaura amalanke, Sale ya tafi da shi likita.

Ni kuwa aka sa ni a zauren Bulama aka ce in jira labari. Kwana biyu na yi a ciki. Ana turo mini fura da ƙafa daga bakin ƙofa. Duk kukan da na ji a gari sai in miƙe tsaye, in ce shi ke nan an kawo gawa. Akuya ta yi kuka, in miƙe. Na san irin zazzaɓin nan da ke hawa kai, na san yana kashewa ko an yi allura, kuma na san matasan da ke zaune a waje ba hira suka zo yi ba. Na yi salla ban san raka'a nawa ba. Ran na uku da hantsi Sale ya dawo ya ce Habu ya farfaɗo har ya nemi kunu. Na zauna a ƙasa na yi hamdala.

Kun ga inda abin yake. Da ya mutu, ni na kashe shi. Da ya tashi, ya tabbata ni na kama shi na saki. Aka rako ni bakin gari, ba wanda ya ba ni hannu, aka ce kada in sake waiwayar kwarin. Labarin ya riga ni isa Damagaram. Uwata ta yi kuka, wani gida da aka fara mini maganar aure suka yi shiru, kuma har yau akwai masu canza hanya in sun hango ni. Mushe Abari ya saurare ni har ƙarshe, washegari na tarar da shi yana yanka sababbin takardu yana sa musu lamba. Tun daga ranar sunan mutum bai sake hawa kwalba a labon nan ba, sunaye na cikin kaye, kaye na cikin aljihu. Ku ma in na ga suna a kwalbar ɗayanku, ko na uban wa ne, zan juye ta. Kuma kafin ku kama ƙwaro ɗaya, ku tara mutanen gari da rana ku nuna musu, su taɓa, su yi tambaya har su gaji.

Gambo ban sake ganinsa ba sai bayan shekaru masu yawa, a kasuwa nan Damagaram. Ya kawo rake, ya tsufa, yana jan ƙafa ɗaya. Ni na gane shi, na duba ba ɗan ƙauyensu kusa, na yi masa sallama. Ya amsa da fara'a har idonsa ya kawo ruwa. Ya ce garka na nan, dabino ya ƙaru, 'ya'yan nan uku duk sun yi aure a garin, Habu ma na nan da jikoki. Ya ce bai taɓa gaya wa kowa gaskiyar abin ba, kuma kullum yana sa ni a addu'a. Na ji daɗin da ban iya faɗa, na ce a raina to ba a banza na tuɓe riga ba.

Har na yi sallama zan tafi sai ya rage murya.

"Mushe, na san ƙwari ne, da hannuna na kama su. Amma akwai akwatin da na taya ka ɗaurewa a moto farkon damina, ka kawo nan gari. Akwai sunana a ciki. Shekara biyu ke nan ƙafar nan ba ta bar ni na yi barci ba. In suna nan, ka sake su."

Na tsaya ina kallonsa. Waɗancan tun ranar da na kawo su suke cikin alkol, matattu, kuma ba abin da zan faɗa masa a tsakiyar kasuwa da ban faɗa a ƙofar Bulama ba.

"Na sake su tun tuni, Malam Gambo."

Ya yi ajiyar zuciya, ya yi hamdala, ya yi ta godiya. Ya zaɓo rake mafi kauri ya ce in kai wa iyali. Bai miƙo mini a hannu ba, a ƙasa ya ajiye tsakaninmu, ni na sunkuya na ɗauka.